Yadda Ake Binciko Tarihin Gida Tun Tsofaffi Suna da Rai

Kusan kowane gida yana da tsoho guda da ya rasu amma bakin mutane bai sake shi ba. In aka taru a biki ko a zaman makoki, ba za a jima ba wani zai ce, "Allah ya jiƙan tsoho, da yana nan da tuni ya ce kaza," sai wuri ya kaure da dariya, kowa ya kawo tasa. To amma ka tambayi masu dariyar nan sunan mahaifin tsohon, ko garin da aka yanke masa cibiya, ko abin da ya taso shi ya zo nan ya zauna. Sai a hau kallon juna. Barkwancinsa ya rage, asalinsa ya bi shi kushewa.

Neman wannan asali ba aikin 'yan jami'a kaɗai ba ne, kuma ba neman abin alfahari ba ne. Tirmizi ya ruwaito hadisin da ke umurtar mu da mu koyi abin da za mu sada zumunci da shi daga nasabarmu. Ga yadda ake kama aikin daga tushe, da littafi da biro da wayar hannu.

Mataki na farko: fara da kanka, ka hau sama

Sayi littafi mai bango mai ƙwari, ba fallayen takarda ba. Kowane mutum ka ba shi shafinsa: kai, mahaifinka, mahaifiyarka, kakanninka huɗu, har inda saninka ya tsaya. A kowane shafi ka rubuta sunan yanka, laƙabi, sunan uba, sunan uwa, garin haihuwa, sana'a, aure-aure, 'ya'ya, da inda aka binne shi. Wurin da ba ka sani ba ka bar shi fili. Filayen nan su ne tambayoyin da za ka ɗauka ka tafi da su.

Abu guda da tsarin da za ka gani a intanet ba zai yi maka ba shi ne lissafin ɗaki. A gidajenmu sai ka jera 'ya'ya ɗaki-ɗaki, kowace mata da nata, har da wadda ta fita da wadda ta rasu ba ta haihu ba. Ka kuma bambance ɗan cikin gida da ɗan riƙo da agola da almajirin da ya girma a gidan har ake ce masa yaya. Duk 'yan gida ne, duk a rubuta su, amma a faɗi ta inda kowa ya shigo. Kada ka manta da shayarwa. Wace ce ta shayar da wane, wannan magana ce da ta shafi halaccin aure, kuma ita ce ta fi saurin ɓacewa domin mata kaɗai ne suka riƙe ta.

Mataki na biyu: jera tsofaffin da suka rage

Rubuta sunan duk wani dattijo ko dattijuwa da ya ga kakanka da idonsa, sannan ka fara da wanda ya fi tsufa ko ya fi jin jiki. Takarda tana iya jiranka shekara goma a cikin akwati. Goggonka mai shekara tamanin da biyar ba ta da wannan alkawari.

Ina ba da shawara da babbar murya a fara da mata. Maza za su ba ka labarin sarauta da gona da fatauci da rigimar iyaka. Amma wa ya auri wa, wa aka saka, wa ya bi wa a haihuwa, 'ya'ya nawa suka rasu suna ƙanana, wace ce aka kai Damagaram aure ba ta sake dawowa ba, wannan yana wajen goggo da inna da tsofaffin matan gida. Bayan dangi kuma akwai abokan kakan, da wanzamin gidan, da ungozomar unguwa, da limamin da ya ɗaura aurarrakin gidan, da maroƙin da ya san kirarin zuri'ar. Da tsohuwar zuma ake magani.

Namu kakan na wajen uba tsohon soja ne da ya koma ɗinki bayan an sallame shi. Ran sallah sai ya saka babbar riga, ya maƙala lambobinsa na yaƙi a kan aikin rigar, ya ɗaura takalmin sojansa da ya sha mai yana ƙyalli, ya tafi Idi a haka ba ruwansa da kallon kowa. Jikokinsa mata duk matansa ne, mu maza kuwa ɓarayin da suka zo ƙwace masa su, kullum da tarar da zai ci mu. Ba ya shan shayi sai a wani kofin ƙarfe da ya dawo da shi daga yaƙi. In ya zauna a bakin kekensa da yamma zai ce shi da Hitila suka yi gaba da gaba, ya kuma haye wani kogi da bindiga a ka, kadoji na darewa suna ba shi hanya. Wanda ya faɗa mini shekarun da ya yi ba ya iya barci in an yi tsawa ba abokinsa ba ne, ba ɗansa ba ne. Ƙanwarsa ce, a tsakar gida, tana tsinke zogale.

Mataki na uku: zaman hira

Kada ka je hannu rabbana. Goro, turare, sabulu, ɗan abin da ya sawwaƙa. Kada kuma ka zaro littafi daga zamanka. Ku gaisa sosai, ka tambayi jiki, ka ci abin da aka kawo maka. Sannan ka faɗi abin da ya kawo ka a fili: "Goggo, so nake in rubuta labarin Malam saboda yaran nan da ba su gan shi ba." Wannan bayani yana da muhimmanci, domin tsoho in ya ga ana tambayar wane ɗan wane, abin da zai fara zo masa shi ne ana shirin tayar da maganar gado ko gona.

Nemi izini kafin ka kunna rikoda a waya, ka ajiye wayar kusa da bakinta, nesa da fanka da janareta. A farkon ɗaukar ka faɗi ranar da wurin da wanda kake hira da shi. Cika cajin wayar tun daga gida.

Yanzu sai tambaya. "Ba ni tarihin gidanmu" tambaya ce da ba ta haifar da komai, amsarta ita ce "ai mu ba mu san komai ba, ɗan nan." Kama ƙaramin abu:

"Goggo, ranar da aka kawo ki gidan nan, su wa kika tarar?"
"Ɗakin Malam ta ina yake kallo, wa ke kusa da shi?"
"Da ya dawo daga tafiyar, me ya kawo muku tsaraba?"
"Baffa, in ya yi fushi me yake cewa?"
"Wa ake aikowa daga ƙauye in an yi rasuwa?"

Tambayar ƙarshen nan tana buɗe reshen dangi da kowa ya manta da shi. In tsohuwa ta kama hanya kada ka katse ta, ko da ta bar kakanka ta shiga labarin tsadar atamfa. Sau da yawa a cikin wannan kewaye sunan da kake nema yake faɗowa. In ta yi shiru, ka yi shiru. In ta yi kuka, ka kashe rikoda.

Sai maganar alkunya, wadda duk mai wannan aiki zai ci karo da ita. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, ko na surukinta, ko shekara nawa da rasuwarsu. Kada ka matsa mata. Ka ce, "Hajiya, wa aka mayar wa sunansa a cikin jikoki?" Ko ka riƙa ambato sunaye har ta ce "shi ke nan." Ko ka tafi da wata 'yar'uwa da za ta faɗa a madadinta. In kai namiji ne kuma gidan na kulle ne, ƙanwarka ko matarka za ta fi ka samo magana, ka rubuta mata tambayoyin.

Kada zama ya wuce sa'a ɗaya ko ɗaya da rabi, tsoho yana gajiya. Ka koma bayan 'yan kwanaki. Zama na biyu ya fi na farko albarka, domin tun tafiyarka take ta tuno abubuwa. Kuma ka ji kowa shi kaɗai tukuna. In ka tara su wuri guda, mai ƙarfin murya ne zai rinjaya, sauran su bi shi da "haka ne."

Mataki na huɗu: sa wa labari shekara

Nan ne aikin yake da daɗi. Tsofaffinmu ba su ƙirga shekara da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa. Aikinka shi ne ka tanadi jerin manyan al'amura na yankinku, ka riƙa auna maganarsu da shi.

Zamanin sarakuna shi ne ma'auni mafi sauƙi. A Kano, Abbas ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, Usman daga 1919 zuwa 1926, Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953, Muhammadu Sanusi daga 1953 zuwa 1963, sai Inuwa na 'yan watanni, sannan Ado Bayero daga 1963 zuwa 2014. A Katsina, Muhammadu Dikko daga 1906 zuwa 1944, Usman Nagogo daga 1944 zuwa 1981. Sarkin Musulmi Abubakar na uku ya hau a 1938. Ka samo irin wannan jeri na masarautarku, har da na hakimai da dagatai in ya samu, domin mutumin ƙauye ya fi tuna naɗin dagacinsa.

Sai shekarun wahala. Yunwar da ake kira Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce, Mai Buhu ta 1927, 'Yar Gusau ta 1942. Sunan yunwa yakan bambanta daga gari zuwa gari, don haka ka tambayi yadda ake kiranta a naku. Annobar mura ta ratsa ƙasar a 1918. An kwashi mutane aikin tilas na haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944. Babban fari ya zo daga 1972 zuwa 1974.

Akwai kuma abubuwan da kowa ya shaida. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925. Sarauniyar Ingila ta zo a 1956. An kashe Sardauna a Janairun 1966, yaƙin basasa ya gudana daga 1967 zuwa 1970, an koma tuƙi ta hannun dama a 1972, an bar fam da sule aka koma naira da kwabo a 1973, an kashe Murtala a Fabrairun 1976. A Nijar, Faransawa sun ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, Seyni Kountché ya hau mulki a 1974.

Ga yadda ake haɗawa. Tsohuwa ta ce, "An yi mini aure shekarar da Sarauniya ta zo, ban fi sha huɗu ba." Ka rubuta aure 1956, haihuwa wajen 1942. Sai ka gwada da wata tambayar: "An ce miki an haife ki lokacin yunwa?" In ta ce uwarta ta sha faɗin goyonta ya zo da 'Yar Gusau, lissafi ya zauna.

Watan azumi ma yana taimakawa. Shekarar Musulunci ta gaza ta bature da kwana goma sha ɗaya, don haka azumi yana zagaye damina da rani da hunturu cikin kimanin shekara 33. Azumi ya faɗo a Disamba wajen 1933 zuwa 1935, ya sake dawowa wajen 1965 zuwa 1967. In aka ce an haifi mutum cikin azumi ana tsananin sanyi, kuma ka san ya girmi 'yancin kai, to ka kama bakin zaren. In kuwa ka sami shekarar Hijira a rubuce, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Shekarar 1360 za ta ba ka 1941. Duk shekarar da ka samo ta lissafi, ka sa mata "wajen" a gaba, don kada wanda zai zo bayanka ya ɗauka a takarda ka gani.

Mataki na biyar: karanta suna da fuska da kirari

Sunayen da ake kiran mutane da su shaida ne. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande mace ce da ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi an haife shi bayan rasuwar uba, Talle maraya ne tun yana jariri. Ajefas da Ayashe sukan nuna uwar ta yi wabi. In ka ga Gambo a jerin 'ya'ya babu Hassan da Hussaini a gabansa, to akwai tagwayen da ba a faɗa maka ba, mai yiwuwa sun koma suna ƙanana. Wanda ake kira Abba ko Babangida kuwa yawanci sunan kaka yake ɗauke da shi, sunan yankansa zai iya ba ka sunan da ka rasa a sama.

Ka lura kuma da sunan gari da mutum yake amfani da shi. 'Yan makarantar boko na farko da yawa sunan garinsu aka liƙa musu, shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Irin wannan suna yana nuna inda aka ɗauko yaro zuwa makaranta, ba lallai ya nuna asalin kakansa ba.

Zanen fuska yana gaya maka abin da baki ya manta. In kana da hoton kakanka ko akwai tsohon da ke ɗauke da askar gidan, ka ɗauki hoto ka kai wa tsohon wanzami, zai bambance maka ta Gobirawa da ta Kabawa da ta Barebari. Tambayi kuma su wa gidanku ke wasa da su, kamar yadda Fulani ke yi da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Kanawa da Zazzagawa. Sannan ka ɗauki kirarin gidan a rikoda daga bakin maroƙi. Akwai zuga a ciki, wannan sana'arsa ce, amma sunayen kakanni da garuruwan da ke ciki sau da yawa daɗaɗɗu ne.

Mataki na shida: buɗe adaka

Nemi izinin babban gida, a buɗe akwatin tsoho a gaban shaidu biyu ko uku, don kada daga baya a ce wani abu ya yi ƙafa. Abin da kake nema: rasiɗin haraji da na jangali, takardar gona ko ta gida, hukuncin alƙali kan rabon gado, fasfon aikin hajji, littafin sallama daga soja, katin aikin En'e ko na reluwe, katin jam'iyyar NEPU ko NPC, wasiƙu, da hotuna. Rasiɗin haraji yana ɗauke da suna da gari da shekara. A jihohin Kano da Kaduna an soke haraji da jangali a 1979. Takardar rabon gado kuwa ta fi komai, domin tana jera magada da sunayensu.

In gidan malamai ne, duba gafaka. Malamai sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da rasuwar iyayensu a bangon Alƙur'ani ko a gefen littafi, da Larabci ko da ajami. Wanda ya kwafi littafi da hannu yakan sa sunansa da na mahaifinsa a shafin ƙarshe. In ba ka iya karanta rubutun ba, kai hotonsa wurin alaramma, warƙar kuwa ta zauna a gida.

Ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, a inuwa mai haske, ba tare da filashi ba. Bayan hoto yakan zo da hatimin mai ɗaukar hoto da garinsa. Kada ka kai tsohuwar takarda a yi mata laminatin, zafin yana cinye tawada kuma ba a iya warwarewa. Kada ka liƙe yagewa da salatif. Sa kowace a tsakanin fararen takardu, cikin fayil, a wurin da ruwa da gara ba sa kaiwa. Hotunan mutane kuma ka zagaya da su wurin tsofaffi su faɗa maka su wane ne, ka rubuta a wata takarda dabam.

Mataki na bakwai: taka zuwa garin asali

Gani ya kori ji. In an ce daga wani gari kakanka ya taso, je can. Fara da mai unguwa ko dagaci, ka gabatar da kanka da sunan kakanka da sana'arsa, shi zai haɗa ka da dattawan da suka dace. Nemi a nuna maka kufan gidan da maƙabarta da gonar. Sunan unguwa ma yana magana: a birnin Kano, Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Dandalin Turawa (Larabawa ake nufi da Turawa a nan) duk suna faɗin su wa suka fara zama a wurin.

Wani asalin zai fitar da kai daga ƙasar gaba ɗaya. In gidanku na fataken goro ne, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, to akwai yiwuwar kuna da dangi a Salaga ko a zangon Kumasi, kuma wasu sun dawo gida ne a 1969 da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana. In an ce wani ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba, ka nemi labarinsa ta Sudan, inda mahajjata da yawa suka yada zango suka zauna, inda kuma waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903 suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Yau da WhatsApp ana samun irin waɗannan dangi, in an sami sunan unguwa da na mai masauki.

Mataki na takwas: gidajen ajiye tarihi

Wannan ya zo a baya da gangan. Sai ka san sunan gari da gunduma da shekarun da kake nema kafin zuwanka ya yi amfani. Gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana riƙe da fayilolin lardunan Arewa na zamanin Turawa, an kasa su lardi-lardi. Nemi rahotannin kimanta haraji na gundumarku. Jami'an mulkin mallaka ne suka rubuta su, da Turanci, kuma a ciki sukan kawo tarihin kafuwar ƙauyuka da jerin dagatai da sana'o'in mutane da yawansu. Sun rubuta ne don karɓar haraji, ta bakin tafinta, saboda haka a karanta da lura. Sunan gari ma yakan zo da rubutu iri biyu ko uku.

Akwai Arewa House a Kaduna, a tsohon gidan Sardauna, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. A Yamai akwai gidan ajiye takardu na ƙasa da cibiyar bincike ta IRSH. Sassan tarihi na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato suna da kundayen ɗalibai kan garuruwa da gundumomi, wataƙila wani ya riga ya yi hira da tsofaffin garinku da suka daɗe da rasuwa. Tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, suna da labaran naɗi da wasiƙun masu karatu da na sojoji. Wanda danginsa ya mutu a yaƙin duniya zai iya neman sunansa a shafin intanet na hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel.

Tafi da katin shaida, ka tambayi ƙa'idar rajista da ta ɗaukar hoto, ka rubuta lambar kowane fayil da ka buɗe. Ka kuma sa a ranka cewa in kakanka ba basarake ba ne ko ma'aikacin En'e, da wuya ka ga sunansa. Abin da za ka samu shi ne duniyar da ya rayu a ciki: nawa ake biyan haraji, me ake nomawa, wace shekara aka tashi garin.

Mataki na tara: tacewa

Raba kowane labari gida uku a littafinka: abin da aka ce, wanda ya faɗa da inda shi ya ji, da abin da takarda ko wani bakin dabam ya tabbatar. Mutum biyu da suka ji daga baki ɗaya shaida ɗaya ce.

Littafin sallamar kakanmu ya nuna ƙasar Bama ta nahiyar Asiya aka kai shi, ɗaya daga cikin lambobinsa kuma tauraron Bama ne. Sojojin Najeriya a yaƙin duniya na biyu sun yaƙi Italiyawa a Somaliya da Habasha a 1940 zuwa 1941, sannan runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yaƙi Japanawa a dazukan Bama daga 1943 zuwa 1945. Sunayen barikin Chindit a Zariya da na Dalet a Kaduna da na Dodan a Legas duk daga wancan yaƙi suka samo asali. Ke nan Japanawa ya fuskanta, bai taka Jamus ba. Amma koguna a can gaskiya ne, ya kuma haye su. A littafina na rubuta duka biyun, labarin Hitila da kadoji kalma da kalma yadda yake faɗa, a ƙarƙashinsa kuma abin da takarda ta nuna. Ba na goyon bayan mai binciken da zai goge zugar tsoho don takarda ba ta yarda da ita ba. Yadda ya zaɓi ya ba jikokinsa labarin abin da ya hana shi barci, wannan ma halinsa ne, kuma shi ne abin da 'ya'yanmu za su so su ji.

Haka za ka yi da labarin "daga gabas muka zo" ko "mu jinin sarauta ne." Rubuta shi a matsayin abin da gidan ke faɗa, kada ka ƙara masa gishiri, kada ka yi masa ba'a.

Za ka kuma ci karo da abin da ba a so a faɗa: kaka da aka kamo a yaƙi, ƙwarƙwara, ɗan da aka kora, rigimar gado da ta raba 'yan uba. Bauta ba ta yi nisa da mu ba, sai a 1936 doka ta soke ta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya. Wanda aka bautar ba shi ne ya yi abin kunya ba, kuma ya cancanci shafinsa kamar kowa. Duk da haka maganar da za ta taɓa auren wani ko mutuncin mai rai ba taka ba ce kai kaɗai. Rubuta ta a littafi dabam, ka shawarci manyan gida, kada ta hau Facebook. Wanda ya ce maka "wannan tsakanina da kai ne," to amana ce.

Mataki na goma: rubutawa da rabawa

Kada ka jira sai ka gama, ba a gamawa. Da ka kai kakan kaka, ko ka tara labarin mutum guda da ya isa shafi goma, zauna ka rubuta. Fara da jadawalin zuri'a ɗaki-ɗaki, sannan labarin kowane mutum, da maganganunsa yadda yake furta su, da karin harshen garinsu, ba tare da ka mayar da su Hausar makaranta ba. A ƙarƙashin kowane labari ka sa sunan wanda ya ba ka da ranar.

Muryoyin da ka ɗauka ka sa wa kowace suna da kwanan wata, ka ajiye a wuri uku: kwamfuta, Google Drive ko imel, da wayar wani ɗan'uwa. Buga littafin a takarda, kowane ɗaki a ba shi kwafi, har da dangin uwa da waɗanda ke wata ƙasa. A taron dangi na bayan sallah a sa wani ya karanta da ƙarfi saboda waɗanda ba su karanta boko, kai kuma ka zauna da biro, domin gyara zai zo ta ko'ina, wanda ya ce bai san komai ba ma ranar zai tuna. Bar fararen shafuka a ƙarshen kowane kwafi, sannan a wakilta yaro ko yarinya guda daga cikin jikoki ya riƙa shigar da haihuwa da aure da rasuwa, da kwanan watan Musulunci da na bature.